Numfashin injin Cummins 6.7 da rigimar gwangwanin tarar mai

A Amurka, duk wanda ya sayi a-kori-kurar Ram 2500 ko 3500 mai injin dizal na Cummins 6.7, daga waɗanda aka fitar tsakanin 2007 da 2018, ranar da motarsa ta cika mil 67,500, wato kilomita 108,000 da ɗoriya, allon gaban direba zai fara tuna masa cewa lokacin sabis ya yi. Saƙon bai shafi juyen mai ko matatar iska ba. Wata shimfiɗaɗɗiyar matata yake nufi, wadda ke kwance a saman murfin injin, kuma da yawa daga masu motar ba su san da zamanta ba sai a ranar. Aikinta shi ne tace iskar da ke tasowa daga tumbin injin kafin a mayar da ita ciki. A kan wannan matata masu motocin suka rarrabu. Wasu suna canja ta su ci gaba da harkarsu, wasu suna farke cikinta, wasu suna zare tiyon su sake shi ya kalli ƙasa, wasu kuma suna ƙara gwangwanin tarar mai a hanya.

A ganina an ɗora rigimar ne a kan abin da ido ke gani. Mutum ya cire tiyo, ya ga laimar mai, hankalinsa ya tashi. Amma man da ya lafe a tiyo bai cika kashe injin ba. Mai ɓarnar gaske shi ne matsin da ke taruwa a tumbin injin idan hanyar fita ta ƙuntata, kuma shi ba ya nuna kansa sai ya riga ya fasa wani wuri.

Daga ina iskar take

Babu injin da ringinsa ke rufe silinda ruf. Dole a bar ’yar tazara a bakin kowane ringi, domin ƙarfe yana buɗewa idan ya ɗau zafi. Duk sa'ad da mai ya kama wuta a saman fistin, wani ɗan kaso na iskar yana sulalewa ta gefen ringi ya faɗa ƙasa, inda karanshaf ke juyawa. Injin fetur ma yana haka, sai dai na dizal ya fi shi. Cummins 6.7 na farko yana matse iska wajen sau 17, na fetur kuwa galibi bai wuce sau 10 ko 11 ba, ga kuma turbo yana ɗura masa ƙarin iska tun kafin a fara matsewa. Shi kansa turbo ɗin yana ɗan tura iska ta hanyar da mansa ke bi ya koma ƙasa.

Iskar tana zuwa da tururin ruwa, da ɓurɓushin baƙin hayaƙi, da ɗan man dizal da bai ƙone ba. Da isarta tumbin injin sai ta tarar ana ta kaɗa baƙin mai: karanshaf na watsa shi, ga ’yan bututun da ke fesa shi a ƙarƙashin fistin don sanyaya shi. Sai ta kwashi man ya zama hazo a cikinta. Ɗigon wannan hazo ƙanana ne ƙwarai, da yawansu ba su kai mikron 1 ba, alhali silin gashin kan mutum ya kai mikron 50 ko fiye. Ɗigo mai wannan ƙanƙanta ba ya faɗuwa don nauyinsa, bin iska yake duk inda ta nufa.

Kuma dole iskar ta fita. Motar fetur ta samu mafita tun farkon shekarun 1960, lokacin da bawul ɗin PCV ya fara yaɗuwa daga jihar Kalifoniya. Injin fetur yana da marfi a maƙogwaronsa, wanda ke haifar da zuƙa a bututun shigar iska, zuƙar ce ke janyo iskar tumbin ta koma a ƙone ta. Injin dizal mai turbo ba haka yake ba, bututun shigarsa cike yake da matsi, turowa yake yi. Wuri ɗaya ne tak ke da zuƙa a jikinsa, tsakanin matatar iska da bakin turbo. Duk wanda zai mayar da numfashin injin ciki, ta nan zai shigar da shi, kuma duk abin da ya shiga ta nan sai ya ratsa fankar turbo, ya ratsa intakula mai sanyaya iskar, kafin ya kai silinda. Shi ya sa masu ƙera manyan injuna suka daɗe suna gudun haka, dokar Amurka ma ta daɗe tana ɗaga musu ƙafa.

Zamanin tiyo a sake

Dodge, kamfanin da ke ƙera Ram a lokacin, ya fara sa injin Cummins 5.9 a a-kori-kurarsa a 1989, injin da daga baya aka riƙa haɗawa a yankin Columbus ta jihar Indiyana. Daga lokacin har zuwa farkon 2007 numfashin injin a waje yake fita. Tiyo ne kawai ke saukowa, bakinsa a buɗe yana kallon titi. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da tsohuwar babbar mota a tasha, ko babban janareton masana'anta, ya san irinsa: yana fitar da ɗan farin tururi, ƙasan wurin kuma ya yi baƙi ƙirin.

Motocin tsakiyar 1998 zuwa 2002, masu bawul 24, su suka fi barin labari. An sa mafitar a gaban injin, aka rataya wata ’yar kwalbar roba a bakin tiyon don ta tari ɗigon mai. Ke nan daga masana'anta motar ta fito da nata gwangwanin, kuma ta nuna abin da ke biyo baya idan an sa shi a mugun wuri aka manta da shi. Kwalbar tana dab da fanka. Hazon da ya tsere mata sai iskar fanka ta kai shi jikin lagireto, ƙura ta bi ta manne, a hankali ramukan su toshe ta gefen da ido ba ya kaiwa. Mai mota ya yi ta fama da zafin injin duk lokacin da ya ja tirela a hawa, ya canja wannan ya canja wancan, sai ranar da aka ciro lagireton ɗungurungum a ga dalili. Haka kuma idan motar ta kifa kai a gangare mai tsanani a daji, mai yakan taru a gaban injin ya kwararo ta tiyon. Maganin da masu motar suka samo bai da tsada: su cire kwalbar, su ƙara wa tiyon tsawo ya bar wajen fanka.

Dokar 2007

A ƙarshen shekarar 2000 hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta kammala dokar hayaƙin manyan injunan dizal, wadda za ta fara aiki a kan motocin 2007. Dokar ta zaftare kashi 90 cikin 100 na baƙin hayaƙin da aka yarda injin ya fitar, ta kuma tilasta man dizal wanda sulfur ɗinsa bai wuce 15 cikin miliyan ba, daga 2006. A cikinta aka soke rangwamen da ake yi wa injuna masu turbo. Daga 2007, abin da ya fito daga tumbin injin ko dai a mayar da shi ciki, ko a haɗa shi da na salansa a lissafi.

Cummins 6.7 ya shigo Ram da ƙarfin doki 350, ɗauke da kayan da galibin 5.9 ba su da su. Akwai EGR, mai ɗebo wani kaso na hayaƙin salansa ya mayar da shi cikin iskar da injin ke shaƙa don rage zafin ƙonewa. Akwai DPF, mai kama baƙin hayaƙi a salansa ya riƙa ƙone shi lokaci-lokaci. Akwai turbo na kamfanin Holset mai buɗewa da tsukewa. Sai kuma matatar da muke magana a kanta, wadda suke kira CCV.

Matatar ninkin zare ce mai kauri. Iska tana ratsawa, ƙananan ɗigon suna mannewa a zaren, suna haɗuwa da juna har su yi girman da nauyinsu zai sauko da su, sai su bi wasu ƙananan tiyo masu bawul ɗin hana komowa su koma kaskon mai. Iskar da aka tace ta bi ta wani bawul mai roba da sifirin, wanda ke hana turbo zuƙa fiye da kima, sannan ta shiga bakin turbo. Akwai sensa mai auna matsin tumbin, idan matatar ta toshe kwamfutar mota ta ajiye lamba P1507 ko P1508. Maganar gaskiya, tsari ne mai kyau, kuma ya fi abin da yawancin ƙananan a-kori-kura ke fitowa da shi. Sai dai babu matatar da ke kama komai.

Abin da ake tararwa idan an kwance

Bakanike ya sassauta kilif ɗin tiyon da ke shiga turbo, ya zura yatsa, yatsan ya fito da laimar baƙin mai. Ya haska tocila a fankar turbo, fukafukan sun yi dishi-dishi. Ya kwanta ƙarƙashin mota ya zare robar da ke haɗa bututu da intakula, ɗan mai ya tsiyayo masa a hannu. Duk wannan bai kai a tayar da hankali ba. Sai ya hau sama ya cire lanƙwasasshen bututun da ke shiga kan injin, nan ne mai mota yake riƙe baki. A ƙarƙashin bututun akwai wata ragar ƙarfe mai ɗumama iska idan za a tayar da injin cikin sanyi, kuma dab da ita EGR yake shigo da hayaƙinsa. Hayaƙin busasshe ne, da shi kaɗai ne, da yawansa zai wuce. Man ma da shi kaɗai ne, zai bi iska ya ƙone. Haɗuwar biyun ce ke yin baƙin kwaɓi, zafi ya gasa shi ya kama jikin ƙarfe kamar ƙanzo a gindin tukunya, sai an sa sukuddireba an kankare. Ya cike ramukan ragar, ya rufe bakin sensa mai auna matsin iskar shiga.

Daga nan abubuwa ke bin juna. Sensa ta ba kwamfuta labarin da ba daidai ba, iska ta ragu, ƙonewa ta lalace, baƙin hayaƙi ya ƙaru, DPF ya riƙa cika da wuri. Man da ya ƙone a silinda kuma yana barin toka, ita kuwa toka ba ta ƙonewa, tana nan a DPF har ranar da za a ciro shi a wanke. Saboda haka ne ma aka fito da baƙin mai mai lambar CJ-4 a 2006, wanda tokarsa ba ta wuce kashi 1 cikin 100 ba. Mai yana kuma tausasa robobin da ke haɗa bututu, har wata rana ɗaya ta suɓuce ana tsakiyar hawa. Abin da kowa ya fi tsoro shi ne injin ya fara shan mansa. Dizal ba ya buƙatar fulogi, duk man da ya iske a silinda zai ƙone shi, don haka idan mai mai yawa ya taru a intakula ya kwararo ciki, injin zai yi ta ƙara gudu ko an kashe makulli, sai an toshe masa iska.

Amma a nan ya kamata a raba laifi daidai. Man da ke kai injin ga wannan hali kusan kullum daga lalataccen turbo yake fitowa, hazon numfashi bai cika kai wannan yawan ba. Maƙalewar turbo mai tsukewa, wadda ta addabi motocin farko, a ɓangaren salansa take faruwa, inda baƙin hayaƙi ke cushe abin da ke motsi, hazon kuwa ta ɗaya ɓangaren yake bi. Kwaɓin ma ya fi tsanani ne a motocin 2007 zuwa 2012, waɗanda suka dogara da EGR sosai, musamman waɗanda ake bari suna aiki a tsaye ko ake ’yan gajerun zirga-zirga da su a gari. Daga 2013, da aka fara fesa ruwan yuriya a salansa, nauyin da ke kan EGR ya ragu. Mutane da yawa sun ɗora wa matatar nan laifin yadda suke amfani da mota. Injin da aka yi don jan tirelar shanu, idan aikinsa ya koma kai yara makaranta, ba zai taɓa yin zafin da zai share kansa ba.

Gyare-gyaren da aka yi ta yi

Mafi arha shi ne farke matatar: a yanke bayanta a zubar da zaren, a mayar da kwanson. Matsi ya ragu, ba sauran sayen matata. Wanda ya yi haka ya bar tiyon a bakin turbo ya ninka wa kansa matsalar da yake gudu, domin yanzu hazon gaba ɗayansa ke shiga. Shi ya sa galibi suke haɗawa da mataki na biyu, a toshe ƙofar da ke bakin turbo, a ja dogon tiyo a sake shi ƙarƙashin mota, wato a koma zamanin 5.9. Ta fuskar turbo da intakula wannan yana aiki, ba ko ɗigo da zai sake shiga. Kuɗin da ake biya shi ne wari a cikin mota idan an tsaya a danja, da ɗigon mai a ƙofar gida, da ƙasan mota da ya jiƙe ya kwashi ƙura. Wasu sun soka tiyon a jikin salansa don hayaƙi ya ja shi, abin da ke aiki a wani gudun ya ƙi a wani.

Sannan ga doka. Dokar tsabtar iska ta Amurka ta hana cirewa ko kashe duk wata na'urar rage hayaƙi a motar da ke hawa titi, rufaffen numfashin injin kuwa yana cikinsu. Daga 2020 zuwa 2023 EPA ta sa farautar masu ƙera da sayar da kayan kashe irin waɗannan na'urori cikin manyan ayyukanta, gareji da kamfanoni da dama sun biya tara. Wani abin ban takaici ga masu motar shi ne, a Disamban 2023 Cummins da kansa ya amince ya biya tarar dala biliyan 1.675 kan manhajar hayaƙi a injunan Ram na 2013 zuwa 2023. Wannan shari'a ba ta shafi numfashin injin ba, amma ta ƙara wa masu cewa kowa ma yana taɓawa ƙarfin baki.

Gwangwanin tarar mai ya zo ne a matsayin sulhu. A yanke tiyon da ke tsakanin murfin injin da bakin turbo, a sa gwangwani a tsakiya, iska ta shiga ta bar manta ta fita ta ci gaba da tafiyarta. Tsarin yana nan a rufe, ba a saki komai a waje ba. Da jin bayanin babu abin zargi. Matsalar tana cikin wane gwangwani ne, da wanda zai riƙa duba shi.

Kasuwa cike take da ƙananan gwangwanaye masu sheƙi na alminiyom, waɗanda aka yi domin motar fetur mai lita biyu. Wasu fanko ne, wasu an sa musu faranti mai huji ko soson ƙarfe. Irin waɗannan manyan ɗigo kawai suke kamawa, da tururin da ya koma ruwa. Ƙananan, waɗanda tun farko su ne suka tsere wa matatar kamfani, wucewa suke yi. Mai mota ya buɗe ya ga ruwan ƙasa-ƙasa mai kumfa ya ji daɗi, bai san rabinsa ruwa ne da zai wuce ya ƙafe ba tare da ya cuci kowa ba. Wannan duk da sauƙi, asarar kuɗi ce kawai. Babbar illar tana bakin gwangwanin. Idan tiyo mai faɗin milimita 25 ya zo ya tarar da ƙofa mai milimita 10, hanyar ta ragu fiye da sau shida. A tsaye ba za a ga komai ba. Sai an ɗora kaya an taka mota a hawa, lokacin da numfashin ya fi yawa, matsi zai taru.

Matsin idan ya taru, wurin da ya fi rauni yake nema. Sandar awon mai ta ɗago. Gasket ɗin murfi ya fara gumi. Sil ɗin karanshaf na gaba ko na baya ya fara ɗiga, na bayan kuwa sai an sauke giya kafin a kai gare shi. Mafi yaudara shi ne abin da ke faruwa da turbo. Man da ke shiga turbo da ƙarfin famfo yake shiga, amma fitarsa da nauyinsa kawai yake gangarowa zuwa kasko. Idan tumbin injin ya cika da matsi, man ya rasa hanyar sauka, ya taru a cikin turbo, ya ɓulla ta ɓangaren iska ko na salansa. Sai a ga shuɗin hayaƙi da mai a intakula, a yanke hukuncin turbo ya mutu, a sayi sabo da kuɗi masu yawa, bayan ɗan lokaci sabon ma ya fara. Toshasshiyar matatar kamfani da aka ƙi canjawa ita ma haka take yi, ƙaramin gwangwani kuwa yana kawo abin tun matata tana sabuwa.

A jihohin arewacin Amurka da Kanada akwai ƙarin masifa. Gwangwanin yana nesa da zafin injin, ruwan da ya taru a cikinsa ko a lanƙwasar tiyo yana zama ƙanƙara cikin dare. Da safe a tayar da mota hanyar numfashi a rufe gam. Matatar kamfani ba ta cika fuskantar haka ba, saboda a kan murfin injin take, tana shan ɗuminsa.

Akwai na ƙwarai. Wanda aka fi sani shi ne ProVent 200 na kamfanin Mann+Hummel na Jamus, wanda lambarsa ke nufin zai iya ɗaukar numfashi har lita 200 a minti ɗaya. Ƙofofinsa manya ne, cikinsa matatar zare ce irin wadda ake canjawa, yana da bawul mai daidaita zuƙa, da wani mai buɗewa ya saki iska idan matsi ya yi yawa. Duba da kyau za a ga kusan abin da Cummins ya riga ya ɗora a kan murfin injin ne, aka sa shi cikin gwangwani. Wanda ya ƙara shi a bayan matatar kamfani yanzu matata biyu gare shi a jere, kowace tana ɗan tare iska, kowace tana jiran ranar canji, ga tiyon tsiyaya da za a riƙa buɗewa. Batun garanti kuma, dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai an sa kayan da ba nasa ba, sai in kayan ne suka jawo lalacewar. To idan sil ya fashe aka tarar da ƙaramin gwangwani a hanyar numfashi, dillalin motar bai buƙatar dogon bayani.

Hukuncina a kan Ram mai 6.7 shi ne, mai lafiyayyen injin da ke canja matatarsa a kan lokaci, ko kafin lokaci idan motar tana yawan aiki a tsaye, ribar da gwangwani zai ƙara masa ’yar kaɗan ce, haɗarin kuwa na gaske ne. Wanda ya ga mai ya yi yawa, ya fara da sabuwar matata, ya duba tiyon da ke mayar da mai ƙasa, ya sa a auna numfashin injin da ma'aunin matsi. Idan ringi ne ya ci, gwangwani zai dai riƙa cika da sauri, ya ɓoye alamar har ciwon ya yi nisa.

Inda gwangwanin ke da hujja

A Ostareliya lamarin ya sha bamban, kuma can ne gwangwanin ya fi karɓuwa. Masu Hilux da Prado da Triton da Ranger suna sa shi tun mota tana sabuwa, kafin su ja karaban, wato tirelar kwana, su shiga daji. Dalilinsu ya fi ƙarfi. Yawancin waɗannan ƙananan injuna ba su da matatar numfashi da ake canjawa, ’yan shingaye ne a cikin murfin injin, ga EGR yana aiki sosai, ga hanyoyin shigar iska ƙanana masu saurin cikewa. A irin wannan injin gwangwani mai matatar zare shi ne matatar farko ta gaske, don haka man da yake tarawa na ainihi ne. Numfashinsu ma bai kai na injin mai lita 6.7 ba, ba su matse gwangwanin.

Wannan ɓangaren ne ya fi kusa da mu, tunda Hilux da Land Cruiser masu dizal su ne dawakan hanyoyin Agadas da Diffa da Chadi, Ram kuwa ɗaiɗaiku ne ke shigowa a cikin motocin hannu. Ƙanƙara ba damuwarmu ba ce, ƙura ce. Matatar iska idan ta cushe da ƙurar hunturu, zuƙar da ke bakin turbo tana ƙaruwa, kuma ta tiyon numfashi take ramawa, ta janyo hazon mai fiye da da. Sau da yawa laimar da ake gani a tiyo da wannan ta fara. Sakin tiyo a ƙasa kuma a hanyar rairayi yana nufin buɗaɗɗen baki a inda ƙura ta fi tashi. Sannan injin da aka yi don man dizal mai sulfur 15 cikin miliyan, ya zo yankin da sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da iyakar 50, EGR ɗinsa da mansa za su fi saurin ƙazanta, juye ya kamata ya matso kusa.

Bakaniken gida yana da gwajinsa. Ya bar injin yana aiki a tsaye, ya kwance murfin zuba mai, ya kifa shi a bakin. Idan murfin yana ’yar rawa a wurinsa, babu komai. Idan iska tana ɗaga shi tana jefarwa, ga hayaƙi yana fitowa fuf-fuf daidai da bugun injin, sai ya juyo ya ce, “Alhaji, wannan injin ya fara numfashi, ringi ne.” Gwajin yana da amfani, amma kafin a sauke injin a kan shaidarsa, a fara zare tiyon numfashi a hura a ga ko a buɗe yake, a leƙa matata ko gwangwanin da ke hanyar, a kuma maimaita gwajin bayan injin ya yi zafi sosai.